Atiku Sai-Baɗi da Baƙonsa na Riruwai

Duk wanda ya taɓa zama a Sabuwar Kuka, can ƙasar Bebeji, ya san Atiku magini, ko da bai san shi da wannan suna ba. Sai-Baɗi ake ce masa, kuma daga bakinsa sunan ya fito. In ya gama yi maka katanga, ya shafe ta da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, tana ƙyalli, sai ya ja da baya, ya wanke hannu a ƙwarya, ya ce, "To, sai baɗi." Ba sallama yake maka ba. Nufinsa damina za ta zo ta ci rabonta, baɗi ka sake aikawa a kira shi. Da fari don raha yake faɗa. Da gari ya karɓe maganar ya liƙa masa, sai dariyar ta ɗauke. Har yau in ka kira shi da sunan a kasuwa zai waiwayo, sannan ya tuna bai kamata ya waiwayo ba, ya ja tsaki ya wuce.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, da ɗan gemu irin na bunsurun da bai gama girma ba. Hannuwansa kamar faifai. Babban yatsansa na dama ya baje saboda danna laka tun yana yaro, har maƙwabta na cewa ranar da ya dangwala a takardar haraji sai da aka ƙaro wata takardar. A faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. A tsohon gari, Kukar Datti, shi ya gina zauren dagaci mai bakan gizo, shi ya yi wa masallaci rufi, kuma da wuya ka ga amaryar da ta tare a ɗakin da ba hannunsa ne ya yi wa zane ba. Amma ka zauna da shi a inuwa, ko na ɗan shan fura ne, sai ya jawo ka kan ƙorafinsa. Maƙeri, in ji shi, ya ƙera garma jikansa ya yi huɗa da ita. Baduku ya ɗinka jaka a gaje ta. Shi kaɗai ne aikinsa kamar tuwo, a tuƙa yau a cinye gobe. Ba dukiya yake nema ba, abu ɗaya tak yake so ya fito daga hannunsa ya daɗe bayan ransa, a nuna a ce wannan na Atiku ne.

Ana nan sai gwamnati ta tare ruwa a Tiga. Jim kaɗan bayan an bar fam da sule an koma naira, aka kwashe mutanen Kukar Datti da awakinsu da turamensu aka hau da su tudu, aka yanka musu filaye aka ce ga gari. Da ruwa ya fara hawa, mutane suka riƙa zuwa kan dutse suna leƙen tsohon gari. Mata na kukan makabarta, maza na jimamin ɗorawa da mangwaro. Atiku kuwa zauren dagaci ya ƙura wa ido. Ruwan bai yi wani faɗa ba. Lasar gindin ginin ya yi ta yi kamar akuya da kanwa, har zauren ya durƙusa a hankali, ya zauna, ya baje. Wani mara kunya da ke tsaye kusa da shi ya ce, "Sarkin magina, wannan karon ko baɗin ma babu." Sai da aka rirriƙe Atiku ranar.

Sabon garin kuma bai zo masa da daɗi ba. Waɗanda kuɗin diyya ya ɗan taɓa suka sayi bulo da siminti, suka kira 'yan birni. Sauran suka kira Atiku, amma ƙasar wurin yashi ce, ka cuɗa ta yini guda ta ƙi kama jikinta. Ya gina nasa gidan, ya gina wa yayarsa Turai nata a maƙale da shi, katanga ɗaya tsakaninsu. Da rani ya shiga ya ce shi kam ya gaji da laka, ya hau motar katako zuwa Riruwai haƙar kuza. Matarsa Luba ta ce ta ji labarin wanda ya gaji da laka ya tafi sayar da turare, amma ba ta taɓa jin wanda ya gaji da laka ya faɗa rami ba.

A can aka ba shi diga da kwanon ɗiban ƙasa, aka saukar da shi ramin da ya fi rijiya zurfi, inda ake fasa ƙasa a ɗebo tsakuwa a wanke a fitar da kuza. Ruwa na tsattsafowa har idon sawu. Wata rana da hantsi digarsa ta taɓa wani abu da ba dutse ba. Ya sa hannu ya yaye laka, sai ga fasassun tukwane, jajaye masu kauri. Ya ƙara tonawa, sai ga ido yana kallonsa.

Kan mutum ne na yumɓu, girman ƙaramar kabewa, ya rabu da jikinsa daga wuya. An huda masa idanu da hanci, an ƙulla masa gashi dunƙule-dunƙule, leɓɓansa a ɗan buɗe kamar wanda zai yi gatse ya fasa. Leburorin da ke kusa suka watsar da kwanuka suka haye sama suna a'uziyya. Heluma, shugaban leburori, ya leƙo daga bakin rami ya ce a mayar da shi inda aka same shi a rufe, masu wurin ba sa son a taɓa musu kaya. Atiku ko jinsa bai yi ba. Ya juya kan, ya ga cikinsa rami ne kamar tulu, ya zura hannu ta wuya yana laluba yadda aka ɗora laka bisa laka. Can ciki, daidai kunci, yatsansa ya faɗa wani ɗan gurbi. Ya cire ya sake sawa. Gurbin babban yatsa ne, inda mai ginin ya tokare daga ciki yana gyara kuncin daga waje. Kuma bajajjen yatsan nan na Atiku, wanda ko zobe ba ya shiga, ya zauna a ciki cif.

Abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Wannan abu yana kwance cikin ruwa tun kafin kakan kakan wani ya san akwai Riruwai, amma ko gashinsa bai warware ba. Zauren dagaci kuwa ko damina ɗaya bai yi a ruwa ba. To me mutumin nan ya sa a lakarsa? Nan cikin rami ya rantse ba zai rabu da kan ba sai ya gano.

Sauran 'yan ci-rani suka dawo da rediyo da turmin atamfa. Atiku ya dawo da buhun fasassun tukwane da kai guda. Luba ta kwance buhu tana tsammanin tsaraba, suka yi ido huɗu da abin, ta saki ta yi salati. Ta ce ita dai ba za ta zauna ɗaki ɗaya da abin da ba ya ƙifta ido ba, ya zaɓa, ko ita ko shi. Atiku ya ɗan yi jim, wanda Luba ba ta yafe masa ba har yau, sannan ya ɗauke kan ya kai zaure, ya ajiye a alkukin da ake sa fitila.

Kafin la'asar gari ya ji. Maƙwabta suka yi ta zuwa yi masa barka da baƙo. Wannan ya tambaya ko baƙon ya ci abinci, wancan ya ce a gaggauta kai shi wurin dagaci a sa shi a haraji, wani kuma ya daɗe yana kallonsu su biyun ya ce lallai akwai kama, musamman ta wajen baki. Atiku ya yi ta bayani har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ƙwanƙwasa kan da farce ya ce su saurara su ji irin ƙarar, yumɓun da ya kwana a ruwa ne yake amsawa kamar ƙarfe. Suka ce sun ji, yana gaishe shi.

Liman, Malam Ɗahiru, mutum ne mai sanyin hali, bai zo da hayaniya ba. Ya bari aka watse, ya yi sallama, ya zauna a dakali yana kawar da kai daga alkuki.

"Atiku, me gunki yake yi a zaurenka?"

"Allah gafarta Malam, ba gunki ba ne, aiki ne. Wani magini ne ya yi, ni kuma ina duba yadda ya yi."

Malam ya ce ya yarda ba sujada yake masa ba, amma ya sani mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da mutum-mutumi, kuma mutane sun fara matsawa gefe in ya tsaya kusa da su a sahu. Bai ce ya fasa shi ba. Cewa ya yi ya kawar da shi daga idon jama'a.

Mutum ɗaya ne a garin abin ya burge, Malam Ɗantani, malamin firamaren da aka kawo lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Ya riƙe kan da hannu biyu kamar jariri. Ya ce ba a nan kaɗai ba, ko'ina a duniya mutanen farko sun bar irin wannan. A ƙasashen Turawa akwai koguna da suka zana shanu da dawaki a bango da jar ƙasa, har da tafin hannunsu. A Sahara akwai duwatsu masu hoton raƙumin dawa, a inda yau ko ciyawa babu. A Jos kuma akwai gida guda da ake tara irin waɗannan kawuna. Maganar tafin hannun nan ta yi wa Atiku daɗi, ya sa aka maimaita masa. Sannan ya tambayi abin da ya dame shi, ko an faɗi me suka sa a lakar. Malam Ɗantani ya ce wannan kam bai karanta ba, wataƙila mutanen Jos su sani, sai dai in ya kai musu za su riƙe, su kulle shi cikin gilashi, a gani da ido ba a taɓawa. Atiku ya karɓe abinsa. Ya ce ba zai kai abokin sana'arsa kurkuku ba, ya riƙa zuwa ganinsa ba damar sa yatsa.

Sai ya shiga gwaji a bayan gida. Ya cuɗa yumɓu da makuba, ya cuɗa da kashin jaki, da ƙaiƙayi, da gashin akuya, da kanwa. Har man shanun Luba sai da ya ɗiba. Ya dunƙula ya tura cikin murhu in ta gama tuwo, wani lokacin ma tun ba ta gama ba. Duk wanda ya sa sai ya fashe da ƙara kamar bindigar maharba, kaji su watse, maƙwabta su leƙo ta katanga su tambaya ko an samu nama. Ranar da ɓarin ɗaya ya tashi ya faɗa cikin miyar kuka, Luba ta zuba masa ita haka, ta ce ya ci ya ji ko sirrin na ciki.

Kowa ya ce masa ya daina wahalar da kansa, ya tsallaka katanga ya tambayi yayarsa. Turai maginiyar tukwane ce tun tana budurwa, mijinta ya rasu, sana'ar ce ke riƙe da ita. Ita ta goye Atiku, saboda haka gemunsa ba ya ba ta tsoro. Shi kuma abin da ya hana shi tambayar ke nan. Ya ce shi mai gina soro ne, ba mai ginin kaskon suya ba, kuma abin da ya fi kakanni daɗewa ba a wurin mai tukunyar sisi za a samo sirrinsa ba.

Ita ma Turai tana da nata ciwon. Maginiya ba ta gini da zallan yumɓu. Sai ta samo tsingaro, wato ɓarin tsohuwar tukunya, ta daka a turmi, ta tankaɗe, ta cuɗa a ciki, in ba haka ba tukunya na jin wuta za ta tsage. A Kukar Datti wannan ba abin nema ba ne, kowane juji cike yake da tukwanen da kakanni suka fasa. To duk jujin nan yana ƙarƙashin ruwa. Sabon gari ne, komai na cikinsa sabo, ko fasasshiyar tukunya ba ta tsufa a cikinsa ba. Turai ta riƙa bi gida gida tana tambaya ko an yi ɓari, har mata na cewa in ta ga yarinya ɗauke da tulu, addu'ar tuntuɓe take mata. In ta kunna matoya, inda take toya tukwanen, rabin kayan su fito a tsage.

Ba a daɗe ba Turai ta ji labarin buhun da ke zauren Atiku. Luba, da ma ta gaji da share gefensa, ta miƙa mata ta kan katanga ranar da maigidan ya tafi aiki. Toyin da aka yi da shi ko tukunya ɗaya ba ta tsage ba. Ka ƙwanƙwasa su su amsa maka. Ranar kasuwar Kafin Maiyaki tun kafin azahar Turai ta kaɗe tabarmarta. Atiku ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, amma an riga an dafa wake a kayan tarihinsa a ƙauyuka da dama. Bai gama hucewa ba sai ga Turai a zaure, ta tsaya gaban alkuki ta riƙe ƙugu.

"Kai Atiku, ba ni wannan ƙaton banzan. Ba ya ɗebo ruwa, ba ya dafa tuwo, sai kallon mutane."

"Yaya, ki fita harkarsa."

"Randa guda ce fa zaune a nan tana zaman kashe wando."

Ya ce sai dai ta fara daka shi tukuna. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita ba ta fasa abin da ke lafiya, ba haka uwarsu ta koya mata ba. Amma ya sani, ranar da abin nan ya fashe da kansa ya zama tsingaro, tsingaro kuwa na maginiya ne, ko a gidan wa ya fashe. Haka al'adar take, kuma Atiku ya san haka take.

Ga liman, ga Luba, ga Turai. Atiku ya rasa inda zai sa kansa, balle na baƙonsa. Sai ya yi dabara irin ta magini. Ya sanar a masallaci cewa zai mayar da abin Riruwai. Aka gan shi da safe ya saɓa buhu da wani abu mai dunƙule a ciki ya nufi bakin titi, aka gan shi ya dawo da yamma hannu wofi. Luba dai ta nemi kabewarta ɗaya ta rasa. A 'yan kwanakin kuma ya ce katangar da ke tsakaninsa da Turai ta yi gajarta, awakinta na tsallakowa, ya rushe samanta ya sake ɗorawa.

Katangar ta fito da ciki. Daidai tsakiya, wajen ƙirjin mutum, ta yi wani tudu kamar mai wata bakwai. Ya ce ƙarfafa ta ya yi. Maƙwabta suka ce madalla, Allah ya sauke ta lafiya. In za su wuce ta lungu sai sun tsaya sun tambaye ta ya jiki, wasu har suna neman a gaya musu ranar suna. Malam Ɗahiru ya zo wucewa, ya dubi tudun, ya dubi sama, ya ci gaba da jan carbinsa. Ai daga idon jama'a ya ce a kawar, an kuwa kawar. Turai kuwa a gindin katangar ta nata ɓangaren ta mayar da dutsen niƙanta, ta ce nan ya fi inuwa.

Atiku bai taɓa yi wa gini hidima irin ta katangar nan ba. Ya yaɓe, ya bari ta sha iska, ya sake yaɓewa, ya shafe ta da makuba har ƙuda na zamewa. Da ya gama ya ja da baya ya wanke hannu, waɗanda suka taru suna jiran kalmar nan tasa suka ji shiru. Can ya ce wannan kam sai dai jikoki. Ya manta ƙasar yashi ce, ya kuma manta katangar da aka yi wa rami a ciki ba ta da ƙashin baya.

Damina ta yi nisa, marka ta sauka. Atiku na Kafin Maiyaki yana toshe wa wani ɗan kasuwa soron da ke yoyo, ruwa ya tsare shi a can. A Sabuwar Kuka aka wuni ana zuba shi. Wajen la'asar katangar ta sauka, ba tare da wata doguwar naƙuda ba, kuma ɓangaren Turai ta faɗa. Kan ya gangaro, ya daki dutsen niƙa, ya dare. Da ruwa ya tsagaita Turai ta fito ta gani. Ba ta taɓa ba sai da ta kira Luba ta wurin da katanga ta buɗe, ta ce ta zo ta shaida, ba ita ta fasa ba. Luba ta ce ta shaida. Sannan aka jawo turmi.

Washegari da hantsi Atiku ya iso, laka har gwiwa. Tun daga zaure ya hango haske a inda bai kamata a ga haske ba. Ta cikin gibin ya ga yayarsa zaune kan kujera 'yar tsugunne, da rariya a hannu, da ƙwarya a gabanta cike da jan gari.

"Yaya, ina yake?"

Ta nuna ƙwaryar da haɓa. Ya tsallaka ɓaraguzan katangarsa, ya tsuguna, ya tsoma hannu cikin garin. Ya daɗe a haka. Turai ta ga abin ya taɓa shi fiye da yadda ta zata, sai ta kwance haɓar zaninta.

"Kar ka ce ban tuna da kai ba. Ga kunne na ajiye maka, shi ya fi kyau."

"Kuncin fa? Akwai wani gurbi daga ciki."

"Wannan lotsattsen? Ai shi na fara dakawa."

Abin da Atiku ya faɗa bayan wannan ba na rubutawa ba ne, amma an ji shi har masallaci. Ya ce ta daka masa sirrin da ya ɗauko daga ƙarƙashin ƙasa, sirrin da ko mutanen Jos bai yarda ya ba su ba, yanzu shi ke nan zai mutu bai san me mutumin ya sa a lakarsa ba. Turai ta bari ya gaji don kansa. Sannan ta karɓi kunnen, ta juya wurin da ya ɓalle, ta kai masa har hanci, ta nuna masa wasu ƙwayoyi jajaye da farare a cikin yumɓun.

"Wane sirri? Buɗe idonka. Wannan tsakuwa ce, wannan kuma tsingaro. Shi ma na wani ya samu ya daka, ya cuɗa, ya ba shi wuta mai kyau. Da ka tambaye ni tun ranar da ka kawo shi da na gaya maka, ko goro ba sai ka ba ni ba."

Atiku ya dubi kunne, ya dubi garin, ya dubi katangarsa da ke kwance. Ya tambaya a hankali, to shi yanzu yaya zai yi da wannan, katanga ake toyawa? Ta ce ya samo matoyar da za ta ci gida guda, ita za ta toya masa kyauta.

Bai sake yi mata magana ba har aka yi girbi. Ya tayar da katangar, wannan karon siririya kamar budurwa, ya ƙara mata tsawo don kada ya riƙa ganin ko ɗankwalinta. Da kaka ta yi, Turai ta cuɗa garin nan a yumɓu ta gina randa, ta toya, ta aika masa da ita gida. Ya rantse ba zai sha ruwanta ba, kuma bai sha ba, aƙalla ba a gaban mutane ba. Luba ta ce asararsa, ruwan randar har haƙori yake kamawa don sanyi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ɗakin da randar ke ciki an sake masa yaɓe, katangar nan ta sake faɗuwa an sake ta da ita, randa na nan ko tsagin gashi babu.

Wata rana Luba ta ce ya kama mata su karkata randar ta wanke gindinta. Ya zura hannu ta wuya don ya riƙe, sai yatsansa ya ji gurbi daga ciki. Ya laluba, ya gwada sa babban yatsa, ya ƙi shiga. Ɗan siriri ne, na mace. Na Turai ne, inda ta tokare tana gyara kafaɗar randar. Wato abin da zai daɗe a gidansu, a tono shi wata rana a yi mamaki, yatsan mai tukunyar sisi ne a jikinsa. Luba ta ce ranar ko tuwo bai ci ba.

Tun daga lokacin Turai ta shiga wani sabon ƙorafi. In ta jera ɗanyun tukwane a inuwa su sha iska ta tafi rijiya, sai ta dawo ta tarar da kowace an lotsa mata wuya daga ciki, lotsawa mai faɗi kamar bayan ludayi. Ba ta buƙatar tambayar kowa, yatsa ɗaya ne irin wannan a ƙasar Bebeji. Waɗanda ta tarar da sauran danshi sai ta shafe da jiƙaƙƙen tsumma tana aika zagi ta kan katanga. Waɗanda suka riga suka bushe haka suke shiga wuta. Masu saye suna neman ragi a kansu, wai tukunya ce mai tabo, wannan kuma ya fi komai ƙona mata rai. Atiku ya ce shi bai san zancen ba, shi mai gina soro ne, me ya haɗa shi da kayan mata.

Yana nan yana gininsa, damina na nan tana cin rabonta. Kunnen na alkuki, Malam Ɗahiru ya ce kunne kaɗai ba komai. Amma ranar kasuwar Kafin Maiyaki, in ka bi ta layin masu tukwane, za ka iya ganin wani gajere tsugune gaban kayan Turai yana zura hannu cikin tukwane ɗaya bayan ɗaya kamar mai saye. In ya dace da wadda yake nema sai ya miƙa wa duk wadda ke ciniki, ya ce ta ɗauki wannan, ta fi ƙwari, har jikokinta za su dafa a ciki.

"Tashi min daga kan kaya, Sai-Baɗi," in ji Turai.

Sai ya waiwayo, ya ja tsaki, ya sake zura hannu cikin ta gaba.